An Sauke Na'urar Dakta

A gidansu ba wanda ya taɓa gane aikin da Dakta take yi a jami'a. Wata rana yayarta ta ji ta ce "antimata" a waya, shi ke nan ta samu abin tsokana. Ko ina suka haɗu sai ta ce, "Ina labarin Anti Mata? Har yanzu ba ta dawo daga tafiyar ba?"

Dakta takan yi dariya, don tambayar ba ta kauce wa hanya sosai ba. Abin da take koya wa ɗalibanta ke nan: masana sun ce a farkon samuwar sararin samaniya, kowace ƙwayar abu ta zo da takwararta mai akasin caji, ita ce antimata. In suka haɗu sai su cinye juna, haske kaɗai ya rage. Da adadinsu ya zo daidai wa daida, da ba tauraro, ba ƙasa, ba mutum. To ga mu nan, ita kuwa ɗayar ta yi ɓatan dabo, kuma har yau ba wanda ya san dalili.

Ba ta taɓa ruɗin kanta cewa ita za ta warware wannan ƙulli ba. Burinta bai wuce ɗalibanta su ga sawun abin da idonsu ba. Shekara da shekaru tana tsince-tsince, tsohon maganaɗisu daga wani asibiti, wayoyi daga kasuwar 'yan gwangwan, har ta haɗa na'ura a saman benen sashensu mai kama ƙwayoyin da ke zubowa daga sama. Wani ɗalibinta mai ƙwazo ne ya taya ta hawa da maganaɗisun, yana haki yana cewa, "Malama, wata rana za a sa sunanmu a littafi." Shi ne yanzu shugaban sashen.

Ana haka ɓarin jikin mahaifiyarta ya shanye, ta ɗauki hutu ta tafi jinya. Ranar da ta dawo, ko ofis ba ta shiga ba ta haye sama. Tankunan ruwa ta tarar, baƙaƙe, a jere inda na'urar take.

Mai kula da sito ne ya buɗe mata ƙofa, kansa a sunkuye. Ga na'urar ƙarƙashin karyayyun kujeru, gilashinta a farfashe, an yanke wayoyin tagullar kaf.

"Leburori ne, Dakta," in ji shi. "Sun ce ta yi musu nauyi a matakala."

Shugaban sashe ya miƙe tsaye da ta shiga ofishinsa. "Malama, sannu da dawowa. Ya jikin Mama?"

"Kana da lambar wayata," ta ce.

"Ban so in ƙara miki damuwa kina jinya. Masu tantance kwasa-kwasai na tafe, banɗakunanmu kuwa ba ɗigon ruwa. Dole in zaɓa."

"Da ka jira ni, da hannuna zan kwance ta."

Ya gyara zaman agogonsa. "Malama, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Masu injina kamar girman gari ma ba su samo amsar nan ba. Tambayar da ta daɗe tana jira haka, ai ba za ta gaji yanzu ba."

Ta dube shi. Abin da ya fi ci mata rai, ba ƙarya ya yi ba. Ita ma ta sha toshe hanci in ta bi ta gaban banɗakunan. Amma ita ta koya masa riƙon ƙarfen soda na liƙe wayoyi, ita ta rubuta masa shaidar da ta kai shi karatu waje, ga shi yau yana lallashinta kamar tsohuwar da ta fara ruɗewa.

"Allah ya ba da sa'ar tantancewa," ta ce, ta fita.

Masu tantancewa suka zo, suka yaba tsabta, suka tafi. Aka yi mata alkawarin kwamiti zai duba batun gyara, kwamitin bai taɓa zama ba.

Da zango ya kai makon da ta saba kai 'yan aji ɗaya saman bene su ga na'urar, sai ta buɗe littafi ta tsallake babin antimata. Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, kin wuce babi na tara."

"Na sani," in ji Dakta, tana goge allo. "Ba zai fito a jarrabawa ba."

Ajin ya ɗauki murna, ta jira suka yi shiru, sannan ta ci gaba.