Kwaɗo Kafin Kifi

Mutum takwas ne suka shigo da tankin, kuma sai da aka cire ƙyauren ɗakin kafin ya wuce. Tsawonsa mita uku, kaurin gilashinsa ya kai babban yatsa. Auta tana gaba tana tafiya da baya, hannunta a kan kusurwa, tana ta cewa a hankali, kamar masu ɗaukar ba su san abin da ke hannunsu ba.

Auta sunan gida ne. A waje Mai Kifi ake ce mata, don shekara goma sha ɗaya ke nan tana haɗa tankunan gilashi tana kiwon kifin ado a shagon da ta gada daga mahaifinta, wanda shi gilashin taga kawai yake yankawa. Ba ta taɓa haɗa tanki mai girman wannan ba. Babbar Likita, mai asibitin da aka kawo tankin, ita ta je shagon da ƙafarta ta ce tana so a kafa shi a ɗakin wankin ƙoda, inda marasa lafiya ke zama awa huɗu, sau uku a sati, jininsu yana zagayawa cikin na'ura, ba abin kallo sai bango da agogo. Ta ba da aikin, tafiya ta kama ta, ta bar komai a hannun Manaja.

Yayan Auta mai walda ne, shi ya ƙera teburin ƙarfen da tankin zai hau. Rabin yini suka ɓata suna gardama a kan ƙafa ɗaya.

"Auta, wannan bambancin ko takarda ba za ta shige ba."

"Ruwa tan biyu za a ɗora masa, Yaya. Takardar nan ita za ta tsaga min gilashi."

Ya yi tsaki, ya durƙusa, ya ƙara murɗa ƙafar. Suka shimfiɗa soso a kan teburin, aka ɗora tankin. Ta cika shi da ruwa ta bar shi kwana uku don ta ga ko zai yi yoyo. Bai yi ba. Ta zuƙe ruwan, ta cire takalmi, ta shiga ciki da kanta tana jera duwatsu.

Gadon da ya fi kusa da tankin na wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Direba. Shekara talatin yana jan babbar mota kafin ƙodarsa ta gaza, kuma har yanzu ba ya iya ganin ana aiki bai sa baki ba.

"'Yata, ai yashi ake fara zubawa, sannan dutse."

"Ba da waɗannan kifayen ba, Baba. Siklid ake ce musu, dangin karfasa ne, sai dai sun fi ta kwalliya, sun kuma fi ta masifa. Haƙa suke yi. In na ɗora dutse a kan yashi, za su tone ƙarƙashinsa ya faɗo."

"To waɗannan ramukan da kike bari fa?"

"Ɗakuna ne. Kowane namiji sai ya kama nasa, in ba haka ba su kashe juna."

"Ashe gidan haya kike ginawa," in ji shi, masu kwance kusa da shi suka yi dariya.

Da ta gama ta zuba farin yashi, ta cika ruwa, ta kunna filtar tace ruwa da fitila. Ɗakin ya canza nan take. Hasken ruwan yana rawa a silin, har nas-nas suna tsayawa su duba.

Kwana tara bayan haka Manaja ya kira ta ofishinsa. Mutum ne mai tsafta, komai nasa a jere, har birukan da ke kan teburinsa wuri ɗaya suke kallo. Ya ce ranar Alhamis Babbar Likita za ta dawo tare da baƙi da masu ɗaukar hoto, za a buɗe sabon ɓangaren asibitin. Yana so kifin su shiga ranar Laraba.

"Ba zai yiwu ba, Yallaɓai. Ruwan bai nuna ba."

"Ruwa kuma yana nuna? Ga shi can garau kamar hawaye."

Ta yi masa bayani a natse. Kashin kifi guba ne a ruwa. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda ke zama cikin soson filta su cinye gubar, kuma kafin su yawaita a sabon tanki sai an yi sati biyar ko shida. Ta fito da 'yar kwalbar gwaji daga jaka, wadda ta ɗiga wa magani da safe. Ruwan ciki ya koma shunayya.

"Sai wannan ya zama shuɗi mai haske. In na zuba su yanzu, kafin Asabar rabinsu suna yawo ciki sama."

"Sai a kwashe a zuba wasu. Kifi ne fa, Malama."

"A gaban wa za a kwashe? Mutanen can tun ranar da aka shigo da tankin suke tambaya ta yaushe. Ba zan ba su kifi ranar Laraba su zo ranar Juma'a su tarar ana tsamo gawa da raga ba."

Manaja ya gyara zaman wani biro da bai karkace ba. Ya ce tankin na asibiti ne, ba nata ba, in ba za ta zuba ba akwai masu sayar da kifi da yawa a gari. Ya ƙara da cewa surukinsa yana gina otal, kuma da ya yi niyyar ya ba da sunanta.

"Ka ba da sunan wani," in ji ta. Ta ɗauki kwalbarta ta fita.

Kai tsaye ta wuce garejin Yaya. Ya saurare ta yana goge hannu da tsumma.

"Ke dai ba kya iya cin abinci sai kin fasa kwanon. Zuba musu goma kawai mana, a yi hoto a wuce wurin."

"Ba zan zuba ko ɗaya ba. Madauri nake so ka yi wa murfin tankin, wanda kwaɗo zai shiga."

"A asibitin mutane za ki kulle musu kaya?"

"Aikina ne har ranar da zan miƙa shi. Za ka yi ko in je wurin maƙwabcinka?"

Ya yi, yana mita. Washegari da safe ya ɗaura madaurin, Auta ta datse kwaɗo ta jefa makullin a jaka. Baba Direba ya ɗaga kai daga matashi ya ƙare wa abin kallo.

"Kifi aka yi mana alkawari, sai ga shi an kawo mana kwaɗo."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har nas ɗin da ke duba na'urarsa ta juya baya tana rufe baki. Amma da dariyar ta lafa, ya yafito Auta da hannun da babu allura. Ta matso. Ya rage murya.

"Sati nawa kika ce?"

"Saura kamar huɗu, Baba."

"To. Ba wai ina matsa miki ba ne. Amma wancan gadon na ƙarshe, da aka kawo tankin akwai mai shi. Mu nan ba ma yi wa sati huɗu alkawari."

Ta duba gadon. An canza zanen, an naɗe wayoyin na'urar. Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta koma shago ta zauna a kan bokiti a tsakiyar tankunanta. Maganar Manaja ba ta girgiza ta ba, amma wannan ta shige ta. Ta yi ta juya ko ta zuba ɗin kawai. Sai ta tuna yadda kifi ke yi in gubar ta kama shi, ya hau sama yana haki, ya kwanta a gefe. A ranta ta hango Baba Direba yana kallon wannan awa huɗu, ba halin tashi.

Ta miƙe ta buɗe filtar babban tankinta, inda iyayen kifin da take kiwo suke. Soson ciki ya shekara shida yana aiki, ya yi baƙi, yana warin ƙasa bayan ruwan sama. Tun farko ta ɗebi kaɗan ta kai asibitin. Yanzu ta kwashe kashi biyu cikin uku ta nutsa a bokitin ruwan tankin. Ta san abin da hakan ke nufi. Nata kifin za su zauna da rabin kariya, kullum sai ta canza musu ruwa da hannu, kuma duk da haka tana iya rasa wasu. Ta ɗauki bokitin ta tari mota zuwa asibitin.

Ranar Laraba da hantsi ta tarar da Manaja a gaban tankin, da leda uku cike da jajayen kifi da ya sa aka sayo a kasuwa, ga wani makaniki riƙe da zarto. Auta ta jawo kujerar masu jinya ta ajiye a daidai kwaɗon ta zauna.

"Malama, tashi."

"Ba inda za ni, Yallaɓai. In ma ruwan ya nuna, waɗannan ba sa zama da nawa, cinye musu jela za su yi."

"Zan kira masu gadi."

"Kira su. Sai su ɗauke ni da kujerar."

Makanikin ya dubi layin gadajen, ya ga ido goma sha biyu a kansa. Ya ce shi dai an ce masa makulli ne ya ɓata, ya sa zartonsa a hammata ya fice. Manaja ya ajiye ledojin a ƙasa, ya ce gobe ta yi wa Babbar Likita bayani da bakinta. Auta ta kwashi jajayen kifin ta kai shago ta sake su a baho, don su ba su da laifi.

Ranar Alhamis baƙi suka cika ɗakin da turare. Mai hoto ya zagaya tankin yana neman abin ɗauka, ya ƙare da ɗaukar duwatsu. Babbar Likita ta dubi ruwan, ta dubi kwaɗon, fuskarta ba walwala.

"Wa ya kulle wannan?"

"Ni ce, Likita."

Ta miƙa mata kwalbar gwajin ta ranar. Shunayyar ta fara dusashewa, amma tana nan. Babbar Likita ta ɗaga ta a haske, ta tambayi me ake aunawa, Auta ta faɗa mata. Likitar ƙoda ce, ba ta buƙaci dogon bayani ba.

"Kin kunyata ni a gaban baƙi," in ji ta a hankali. "Da kin neme ni a waya."

"Na nemi lambarki, an ce ba a bayarwa."

Babbar Likita ta ɗan waiga inda Manaja yake. Ta mayar wa Auta kwalbar.

"Kwana nawa?"

"In tsohon soson da na kawo ya kama, goma."

"Ki cire kwaɗon nan. Ba wanda zai taɓa."

"In kin ce haka, zan cire."

Kwana goma sha biyu aka yi. A cikinsu Auta ta rasa manyan matan kifi biyu a shagonta, waɗanda ta raina tun suna kamar ƙwayar shinkafa, ta kuma ji labarin an ba wani aikin otal ɗin. Ranar da kwalbar ta yi shuɗi kwana uku a jere, ta zo da kifi arba'in a lokaci ɗaya, don in an zuba su kaɗan-kaɗan na farko su kama wuri su hana na baya sakat. Ta bar ledojin suna iyo a saman ruwan rabin awa, sannan ta sake su. Rawaya masu baƙin layi a ƙayar baya, shuɗɗa masu zane kamar an ja musu alli. Suka ɓace cikin duwatsu gaba ɗaya, tankin ya koma kamar ba kowa. Sai wani shuɗi ya leƙo, ya fito, ya cika baki da yashi ya je ya tofar a ƙofar ramin maƙwabcinsa.

"Wannan ɗan tasha ne," in ji Baba Direba. "Na san irinsu."

Ranar sai da nas ta faɗa masa sau biyu cewa awa huɗunsa sun cika.

Bayan wata biyu Auta ta zo wankin filta, Manaja ya tare ta a gaban tankin. Tun rikicin ba ya ce mata komai sai gaisuwa. Ya nuna wata rawaya da ta lafe a bayan dutse, maƙogwaronta a kumbure.

"Waccan ba ta da lafiya. Sati biyu ba ta ci ba, na lura. Ki cire ta kafin ta shafa wa sauran."

Auta ta sunkuya ta duba. Kifin ta ɗan motsa baki, ta ga ƙananan idanu baƙaƙe a ciki.

"Ba za a cire ta ba, Yallaɓai. 'Ya'yanta ne a bakinta. Haka suke goyo, ba ta ci sai ta sake su."

Manaja ya dube ta yana neman alamar wasa a fuskarta. Bai gani ba. Ya ja ƙafar wandonsa sama don kada gugar ta lalace, ya durƙusa a gaban gilashin, ya kare hasken fitila da tafin hannu.

"Su nawa ne a ciki?"

"Sai sun fito. Ka matsa kaɗan, kana tsorata ta."

Ya matsa.