Kyamarar da Ba Ta Barci

Ranar Laraba da safe, kafin ta zuba wa yara shayi, Injiniya ta zaro kyamarar ofis daga jakarta ta danna maɓallin kunnawa. Shiru. Ta sake dannawa ta riƙe. Gilashin baya ya tsaya baƙi ƙirin.

Jiya da hannunta ta karɓo sabon batir daga sito, ta cika shi fam da caji. Hoton da ta ɗauka bai kai ashirin ba ta kashe ta. Da gangan ma, da ta tashi daga ofis, ta taho da ita gida, domin shekaranjiya da ta bar ta a durowar ofis haka ta wayi gari a mace.

Ta ɗaga kai ta dubi mijinta, yana tsugune a bakin ƙofa yana goge takalmi.

"Malam, ka taɓa min jaka?"

"Ni? Jakar da ke kanki sai kin yi minti goma kafin ki lalubo makulli? Ta ina zan fara?"

"Ba wasa nake ba. Batirin kyamara ya ƙare, kuma a kashe ta kwana."

"To ki tambayi kyamarar mana. Ke dai tun da aka ba ki ginin nan kowa ya zama ɓarawo. Jiya har 'yar autarki kika kafa wa ido don ta ɗauki biro."

Ba ta yi dariya ba. Ɗan kwangilar da ya yi ginin ajinsu ɗaya da Malam a sakandare, kuma makon jiya ta ji suna gaisawa a waya har da ƙyaƙyatawa. Ta zuge jakar ta rataya.

Ginin makarantar firamare ne, bene hawa biyu, aji goma sha biyu. Ita ofishin duba gine-gine ya tura ta tabbatar da ingancinsa. Gobe Alhamis kwamiti zai zo a miƙa makullai, ranar Litinin yara ɗari huɗu su shiga. A ƙa'idar ofis, hoton kyamarar ofis kaɗai ake karɓa, kuma duk aibin da aka gyara kafin ranar miƙawa ba ya shiga rahoto. Shekaranjiya Litinin ta ɗauki hoton tsaga shida a bango, ba ta nuna wa kowa ba. Talata da ta koma, ta tarar an shafe su da siminti, su shidan cif, ba a taɓa ko'ina ba. Wani yana kunna kyamarar nan a bayan idonta yana kallon hotunan, abin da ta yanke ke nan. In ba haka ba, me ke shanye batirin?

Baba Direba yana jiranta a ƙofar gida da motar ofis. Dattijo ne mai son hira, shi yake riƙe mata jaka duk sanda za ta hau tsani.

"Yau wane ɓangare za ki duba, ranki ya daɗe?" ya tambaya suna hawa titi.

"Me ya sa kake tambaya?"

"Don in san inda zan samu inuwa in ajiye mota."

"Ajiye inda ka saba."

Ya leƙe ta ta madubi, ya mayar da idonsa kan titi. Ita kuwa ta rungume jakar a ƙirji har suka isa.

Sababbin tsaga huɗun da ta ɗauka jiya duk an shafe su. Simintin ko bushewa bai gama yi ba, da ta danna da yatsa sai da ya lotsa. Ɗan kwangila ya taho da babbar riga da hular kwano a kai, yana washe baki.

"Injiniya, sannu da ƙoƙari. Ina Malam? Kin ga mu ba ma jira a ce mana gyara. Idonmu a buɗe yake."

"Na ga alama," ta ce.

Ta ce wa Baba ya koma mota, ta zaga ita kaɗai. A ƙarƙashin matakalar da yara za su riƙa hawa sama an jingine katako an tara buhunan siminti da aka juye. Kwana biyu tana wucewa ta wurin ba ta kula ba. Yau ta tsaya, don sauran ginin duk an share tas. Ta janye katako biyu ta haska da wayarta.

Ginshiƙin da ke ɗauke da matakalar ya tsage daga sama har ƙasa. Ta cusa yatsa, ya shige har gaɓa ta biyu. Rodin ciki siriri ne kamar tsinken saƙa, kankaren yana marmashewa a hannu kamar busasshen burodi. Ta ɗago kyamara bisa sabo, ta danna, sai ta tuna a mace take. Daidai nan ta ji taku a kan matakalar. Ta mayar da katakon da sauri, ta kakkaɓe hannu, ta fito tana duban silin kamar mai ƙirga fitilu.

Daga can ta sa Baba ya kai ta layin masu gyaran waya, ta ce ya jira a bakin titi. Shagon da take nema yana can ƙurya, mai shi kowa Likita yake ce masa. Teburinsa cike da gawarwakin wayoyi da ƙananan sukurori a murfin kwalba. Ya ɗora batirin a na'urar awo ya taɓe baki.

"Batirinki lafiyarsa ƙalau, Hajiya. Yunwa ce kawai."

"To wani ke kunna ta ke nan."

"Dakata tukuna." Ya sa nasa batirin, ya shiga latse-latse, gilashinsa a kan karan hanci. Can ya yi 'yar dariya. "Babu mai kunna ta. Ba ta taɓa barci ba ne. Ke kin rufe mata ido, kunnenta a buɗe yake."

"Yi min bayani da Hausa, Likita."

"An haɗa ta da wata waya, haɗin da ba igiya. An kuma saita ta ta riƙa tura hotuna ko da a kashe take. In wayar tana kusa, sai ta tura duk sabon hoto. In ba ta kusa, sai ta kwana tana nemanta kamar uwar da ɗanta bai dawo ba. Neman nan shi ke cinye batirin."

Injiniya ta jawo benci ta zauna. "Wayar wa?"

Ya juyo mata da gilashin kyamarar. Haruffa uku ne da lambobi, babu suna.

"Mai ita ya fi ni wayo. Amma dai sai yana cikin taku goma zuwa sha biyar kafin hoto ya tafi. Kin ga wannan 'yar fitilar a gefe, kamar kan allura? In ta fara ƙiftawa kore, to mai wayar yana jin tarinki. In tsinke miki haɗin? Minti ɗaya ne."

Ta tuna ginshiƙin. Da batirin yana da rai ɗazu, da gobe da safe ta tarar da shi sumul da sabon siminti.

"Bar shi yadda yake," ta ce. "Cika min batirin kawai."

Da la'asar ta koma ginin. Ta wuce matakalar ko kallonta ba ta yi ba, ta zaga baya wajen banɗakuna, ta ɗauki hoton wasu 'yan tsaga uku da ko ƙadangare ba za su dama ba. Ta kashe kyamarar, ta shiga mota, ta ɗora ta a cinya. Wayar Baba tana nan a gaban sitiyari, tazarar hannu ɗaya. Minti ashirin suna tafiya, idonta a kan 'yar fitilar. Ko sau ɗaya ba ta ƙifta ba.

"Baba, ka yafe ni."

"Me kika yi min, ranki ya daɗe?"

"Ka dai yafe."

"Na yafe. Amma gobe ki bar ni in riƙe jakar, hannuna ya saba."

Ofishinsu babban ɗaki ne mai tebur uku da fanka mai ƙara. Sakatariya tana buga takardar miƙa gini, wayarta a gefen madannai. Oga yana cikin ɗan ɗakinsa, ƙofa a buɗe, waya a kunne. A tebur na kusa da nata kuma babban injiniyan da ya koya mata aiki shekara bakwai da suka wuce, wanda take kira Yaya, yana ɓare lemo.

Ta ajiye jakar a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta bar zif a buɗe. Ta jawo fayil ta yi kamar tana karatu. Ba a yi minti biyu ba fitilar ta fara. Kore, kore, kore. Malam ya fita daga zargi, Baba ma ya fita. Saura uku.

"Ƙanwata, yau kin samo wani abu?" Yaya ya miƙo mata rabin lemo.

"'Yan ƙanana ne, a banɗaki."

"To madalla. Ki sa hannu ki huta, kin rame."

Oga ya leƙo. "Injiniya, ba na son surutu gobe. Shugabar kwamitin nan ba ta da haƙuri."

Sakatariya ta ɗago ta yi mata murmushi. "Anti, in bar miki gurbin sa hannu a sama ko a ƙasa?"

Kowa ta kalla sai ta ga shi ne.

Alhamis ƙarfe goma kwamiti ya iso. Shugabar kwamitin tsohuwar injiniya ce da ta yi ritaya, gajeriya, tana dogara sandar ƙarfe. Oga da Yaya da Sakatariya suna biye da ita. Aka zaga aji goma sha biyu, aka leƙa banɗakuna. Tsaga ukun jiya sun sha siminti har da fenti. Ɗan kwangila ya shimfiɗa takardu a kan bonet ɗin motarsa, ya cire murfin biro da kansa.

"Saura wuri ɗaya, ranki ya daɗe," in ji Injiniya.

Oga ya harare ta. "Ai mun gama zagaye."

"Ƙarƙashin matakala."

"Tarkace ne kawai a wurin," ɗan kwangila ya yi caraf. "Yau za a kwashe."

"To mu taya ka kwashewa," in ji Shugaba, ta yi gaba.

Baba Direba ya naɗe hannun riga ya janye katakon ɗaya bayan ɗaya. Haske ya faɗa kan ginshiƙin. Shugaba ta sa bakin sandarta a tsagar ta ɗan murɗa. Wani ɓangaren kankare kamar kan jariri ya ɓalle ya faɗo kusa da takalmin Oga.

"Wannan aikin awa biyu ne," in ji ɗan kwangila, gumi na bin gefen hular kwanonsa. "Kafin azahar..."

"Yau ce ranar miƙawa," Injiniya ta katse shi. "Ya shiga rahoto."

Ta ɗaga kyamara ta ɗauki ginshiƙin sau uku, ta kashe ta a gaban kowa, ta miƙa wa Shugaba.

"Ranki ya daɗe, ki duba 'yar fitilar nan. Tun Litinin duk tsagar da na ɗauka sai in tarar an shafe ta washegari. Kyamarar tana tura hotuna zuwa wata waya ko a kashe take. In ta ƙifta, mai wayar yana tsaye tare da mu."

Shugaba ta matso da kyamarar kusa da gilashinta. Sakatariya ta ƙanƙame fayil. Fitilar ta ƙifta.

"Kowa ya fito da wayarsa," in ji Shugaba. "Har ni. A buɗe wajen hotuna."

Sakatariya ce ta fara miƙawa: hotunan ɗinki ne da na ɗanta. Oga ya yi tsaki ya buɗe tasa, babu komai sai takardu. Yaya ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu.

"Kamar na bar ta a mota."

"Ga shatarta nan a aljihun gabanka, ɗana," in ji Shugaba.

Ya zaro ta a hankali. Ginshiƙin yana nan a kan gilashin, hoto na uku yana kan shigowa. Shugaba ta karɓa ta ja da yatsa: banɗakunan jiya, tsaga huɗun Talata, shidan Litinin.

"Tun bara na haɗa su, da kyamarar tana hannuna," in ji Yaya. "Mantawa na yi ban cire ba. Ƙanwata, ke ma kin san ni."

Injiniya ta kawar da kai.

"Za ka tuna sauran a ofishina," in ji Shugaba, ta jefa wayar a jakarta. Ta juya ga Oga. "A sanar da hedimasta, ranar Litinin yara su koma tsofaffin azuzuwansu. A sa kwaɗo a ƙofar nan. Kai kuma ɗan kwangila, mayar da murfin bironka."

Ɗan kwangila ya mayar.

"Injiniya, wurare nawa aka shafe?" in ji Shugaba.

"Goma sha uku, ranki ya daɗe."

"A samo guduma. Duk sai na ga abin da ke ƙarƙashi kafin in bar nan."

Baba Direba ya riga ya nufi but ɗin mota.