Latas ɗin Ƙasan Gada

"Haɗa su za ki yi," in ji shugaban kwamiti, yana turo mata takardar da ɗan yatsa. "Na saman gada da na ƙasa, a gauraya a fid da matsakaici. Haka ake yi."

Malamar gwaji ta dubi sakamakon awon da ke kan takardar. Tun farkon rani take awon ganyen lambunan bakin rafi. Na saman gada lafiya lau. Na ƙasa kuwa, inda masana'antar batir ke sako ruwanta, gubar dalma ce fal a ciki. In aka gauraya, lambar za ta sauko, kwamiti ya rubuta babu haɗari, kowa ya kama gabansa.

"Ranka ya daɗe, yaro ba ya cin matsakaici. Abin da uwarsa ta sayo shi yake ci."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa ƙaramin ma'aikaci in ya manta matsayinsa.

"Malama, ba a yin doka da zuciya," in ji shugaban. "In muka bi naki, lambuna za a rufe, ba masana'anta ba. Ba yayanki ke noma a ƙasan gadar ba?"

Ya san inda ya taɓa. Da lambun nan yayanta ya ɗauki nauyin karatunta. Daga cikinsa kuma 'ya'yansa ke ci kullum, har da autarsa da ke ta fama da ciwon ciki an rasa dalili. Takaici kamar ya kashe ta.

Aka tashi cin abinci ba ta sa hannu a takardar ba. Mai abinci ta jera faranti, shinkafa da latas a gefe, kore shar.

"Baiwar Allah, ganyen nan daga ina?" shugaban ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Ƙasan gada, ranka ya daɗe. Nasu ya fi kyau."

Sai ga shi yana ture latas ɗin bakin faranti da cokali, a hankali, kada ko ganye ɗaya ya taɓa shinkafar. Na kusa da shi ma suka bi sahu. Ashe dai kowa ya san gaskiya, cikin wasu ne kawai ba a damu da shi ba!

Malamar ta miƙe, ta ɗauki cokali mai tsabta, ta cakuɗa masa latas da shinkafar sosai.

"Bismilla, ranka ya daɗe. Na fitar maka da matsakaici."

Bai ci ba.

Ta ajiye masa takardar yadda ya ba ta, ta fita baranda. Ta kira waya.

"Yaya, kada ka yanki ganye gobe. Ka kawo min auta asibiti, a ɗebi jininta."