Wutar Madatsa

"Sake faɗa, ban ji ba," in ji ma'aikacin kamfanin wuta, yana karkato kunne ta ramin gilashi.

Nidia ta ƙara rage murya. "Cewa na yi, wutar gidanmu daga ina take zuwa? In ta madatsar ruwa ce, a canza mana wata."

Ya yi dariya har mutanen layi suka leƙo. "Baiwar Allah, wuta ai ba madara ba ce balle a nuna miki saniyar da aka tatsa. Ta ruwa, ta gas, ta rana, duk waya ɗaya suke bi. Amma a daminar nan? Kusan dukkanta ta madatsa ce."

Ta fito sum-sum, ko sallama ba ta yi ba. A bas ɗin komawa unguwarsu ta gefen birnin Ibagué na ƙasar Kolombiya ta haɗa kai da kujerar gaba, kunya ta hana ta ɗagowa.

Tun da madatsa ta haɗiye ƙauyensu, da gonar koko, da kabarin mahaifiyarta Eulalia, mahaifinta Don Evaristo ya rantse ba shi ba wutarta har ya mutu. Ya koma kan tudu da kyandir da murhun itace, har hayaƙi ya cinye masa huhu. Likita ya ce sai injin numfashi, ba dare ba rana. Nidia ta ɗauko shi zuwa birni, ta nuna masa farantin sola da ke kan rufi, ta ce wutarsu ta rana ce. Farantin kuwa na mai gidan haya ne, ruwan wanka kawai yake ɗumamawa. Abin da ya fi ci mata rai, tsohon har alfahari yake yi wa maƙwabta: "'Yata ba ta cin amana." Ta san halinsa. Ranar da ya ji gaskiya, da hannunsa zai fizge robar injin daga hanci.

Ta same shi bakin taga, ruwa na zuba, kofinsa na kofi ya huce, injin na gurnani a gefe.

"Kin jiƙe kamar kaza. Ina kika shiga?"

"Kamfanin wuta." Ta durƙusa gabansa. "Baba, farantin nan..."

"Na ruwan wanka ne," ya ce, bai dube ta ba. "'Yar nan, manomi ne fa ni. Yaushe rabonmu da mu ga rana a garin nan? Amma wannan ɗan banzan injin ko tari bai taɓa yi ba."

"Ka sani? To me ya sa kake gaya wa mutane..."

"Ke kika yi ƙarya sau ɗaya. Ni kullum nake yi." Ya juyo ya dube ta. "Na ɗauka na fi ƙarfin abin. Ashe ina son numfashin nan fiye da rantsuwata. Ban san da wane ido zan kalli Eulalia ba."

Idon Nidia na kan hannunsa, wanda ya kai kan robar, ya daɗe yana shafa ta. Sannan ya gyara mata zama a hancinsa.

Ya nuna ƙwan lantarkin da ke ci a sama.

"Kashe wancan dai, ki kawo mini kyandir. Numfashi kaɗai zan karɓa a wurin masu madatsar nan."