Jagoran Bogi a Gidan Brackenby

Desmond Tull na tsaye a ɗakin hotuna na Gidan Brackenby, ya goya hannuwa a baya, yana ta maimaita magana ɗaya a ransa: "Marjorie, kada ki tafi." Tun daga gida yake haddar ta. A bas ɗin ƙungiyar 'yan fansho ya buɗe baki zai faɗa, sai Marjorie ta miƙo masa alewa, ya yi ta tsotsa har aka iso. A lambu ma ya yunƙura, ƙarƙashin itatuwan da kaka ta mayar ja da rawaya, sai wani jiƙaƙƙen ganye ya faɗo ya manne masa a tabarau, maganar ta gudu.

Yau ce fitar ƙarshe ta bana. Daga gobe za a rufe gidan sai sanyi ya wuce, kuma kafin sanyin ya wuce Marjorie za ta sayar da gidanta ta koma wurin 'yarta can Sikotilan. Tun rasuwar mijinta suke zama gefen juna a bas, suna zagayen tsofaffin gidajen manya, amma hirarsu ba ta taɓa wuce ko za a yi ruwa ba. Son da yake mata kuwa har abinci yake hana shi ci. Yanzu ta ce ya jira ta nan, za ta zaga bayi.

"Gafara dai, Yallaɓai, wane ne wannan?"

Wata mata ce mai jar lema, tana nuna hoton wani ƙato a bango, da farar hular gashi da kare a gefe. Nan take Desmond ya gane matsalar. A irin gidajen nan kowane ɗaki da dattijon da ya ba da kansa kyauta, ya tsaya a lungu yana ba baƙi tarihi, kuma tsohuwar da ke kula da wannan ɗaki ta fita shan shayi. Ga Desmond da furfura, ga kwat ruwan ƙasa, ga hannuwa a baya. Da ya ce "ni ma baƙo ne", da shi ke nan. To amma Desmond mutum ne da mai askinsa ke kiransa Derek shekara da shekaru, bai taɓa iya gyara masa ba don kada bawan Allah ya ji kunya.

"Wannan," in ji shi, "Sir Hubert ne."

"Karen fa?"

"Shi ma Hubert."

"Shi ma?"

"Mutanen da can ba su cika wahalar da kansu ba."

Matar ta jinjina kai, ta yafito mijinta. Mu kuwa Turawan ƙasar nan, in muka ga mutum biyu tsaye suna kallon wuri ɗaya, sai mu ja layi a bayansu tukuna, daga baya mu tambayi abin da ake yi. Kafin Desmond ya haɗiye yawu ɗakin ya cika da mutane masu rigunan ruwa, kowa ya zuba masa ido cikin ladabi.

Wani ya tambayi dalilin busasshiyar ƙayar da aka ɗora kan tsohuwar kujera. Kowa ya san don kada a zauna ne, amma bakin Desmond ya riga ya ƙwace masa. Ya ce kujerar matar uban Sir Hubert ce, kuma Sir Hubert da kansa yake sabunta ƙayar duk safiya. Aka yi dariya, wata tsohuwa har da tafi.

Wani dogo da ɗan littafin tarihin gidan a hannu ya yi gyaran murya. "Ka yi haƙuri, Yallaɓai, ba wai ina musu ba ne, amma nan an rubuta Sir Edmund."

"Ai na bara ne littafinka."

"Au! Yi haƙuri, yi haƙuri." Dogon ya cusa littafin a aljihu, kunnuwansa sun yi ja.

Duk da sanyin ɗakin, gumi na bin bayan Desmond. Can ya hango Marjorie ta dawo ta tsaya bayan taron, tana leƙensa ta saman tabarau. Ya yi mata kallon a zo a cece ni. Ita ko sai ta rataye jakarta da kyau, ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Yallaɓai jagora, ya taɓa aure kuwa, wannan Hubert ɗin naka?"

Desmond ya dubi ƙaton da ke bango. Ya ga ai ya fi sauƙin kallo a kan Marjorie.

"Bai taɓa ba. Amma akwai wadda yake so. Mijinta ya rasu. Kullum tare suke zama a... a keken doki."

"Ya gaya mata?"

"Ya yi ta shiri."

"Me ya hana shi?"

"Alewa. Wani lokacin kuma ganye."

Dogon ya zaro littafinsa a ɓoye ya duba, ya mayar.

"Wayyo, bawan Allah!" in ji mai jar lema. "To sai aka yi yaya?"

"Ta ce za ta koma Sikotilan." Wannan karon Desmond ba ƙarya yake ba. "In ta tafi, bai san abin da zai yi da ransa ba."

Marjorie ta ratso mutane har gaban jar igiyar da ta kare kayan tarihin.

"Kai, amma wannan Hubert akwai nawa! Mace ta yi ta tsare masa kujera tana kora mutane, ta yi ta sayen alewar da ita ba ta sha saboda haƙoranta, shi sai zancen gajimare? Karen ma ya fi shi kuzari."

Desmond ya ga in bai yi yanzu ba, ba zai ƙara yi ba. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Gwiwar ta ce ƙas, har na bayan ɗaki suka ji. Ya yi taga-taga, ya cafki jar igiyar.

"Marjorie, kada ki tafi."

"Ba a taɓa igiya!"

Mai kula da ɗakin ce ta gaske ta dawo, wata 'yar tsamurarriyar tsohuwa da bajo a ƙirji da ɓurɓushin kek a haɓa. Ta dubi taron, ta dubi na durƙushe.

"Me ake yi a nan? Wane ne wannan a ƙasa?"

Desmond ya so tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Yana nan riƙe da igiyar da aka hana, yana jira.

Marjorie ta sunkuya ta cire wani ɗan ganye daga kafaɗarsa.

"Mijin da zan aura ne," in ji ta. "Ku taya ni ɗaga shi, kada bas ya tafi ya bar mu."

Dogon da mijin mai lema suka kama shi hagu da dama suka miƙar, ana ta tafi. Mai bajon na ta tambayar wane Hubert ake magana, ba wanda ya kula ta. A bakin ƙofa, iska na kaɗo jajayen ganye kan matakala, mai jar lema ta sha gaban Desmond tana share hawaye, ta riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Allah ya ba da zaman lafiya, Mista Hubert."

Desmond ya buɗe baki zai gyara mata. Ya dubi Marjorie, wadda ta saƙala hannunta cikin nasa tana danne dariya.

"Na gode ƙwarai," in ji shi.