Zaren Ƙasa

Shekara talatin da ɗoriya Baba Mai Zane ya yi yana buɗe cikin abubuwa don yara su leƙa. In wani ya rubuta littafi a kan yadda agogo ke tafiya, ko yadda famfo ke jawo ruwa daga ƙasa, ko yadda mutanen zamanin da suka fara yin takarda, shi ake kawo wa ya yi hotunan. Sai ya zana abu kamar an tsaga shi biyu da wuƙa, kowane ƙarfe a mazauninsa, ga 'yan kibiyoyi suna nuna wa yaro inda kowanne ke juyawa. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma kowa a kamfanin buga littattafan ya san ta: ba ya zana abin da bai kwance da hannunsa ba.

Wannan ƙa'ida ta ci kayan gidansa ba kaɗan ba. Ta ci rediyo biyu, ta ci dutsen guga, ta ci kwaɗon ƙofar kicin. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ita kam gara mai cin kaya ta aura a siffar mutum. Abu ɗaya ta hana shi taɓawa, keken ɗinkinta, baƙi, irin na takawa da ƙafa, wanda ta zo da shi gidan tun tana amarya.

"Ranar da ka kusanto keken nan da sukudireba," in ji ta, "ranar za ka zana cikin asibiti da idonka."

Ita ce kuma alƙalinsa. In ya gama zane, sai ya rufe rubutun da tafin hannu, ya ɗaga mata takardar daga bakin ƙofa. In ta iya faɗin yadda abin ke aiki, zane ya wuce. In ta ɗan karkata kai ta ce, "Ni dai hanjin kaza nake gani," sai ya yage ya sake.

To, wata takwas ke nan da rasuwarta lokacin da aka kawo masa littafin tarihin ɗinki, tun daga allurar ƙashi har zuwa keke. Ya zana allurar ƙashi, bayan ya fere guda da kansa. Ya zana almakashi, ya zana maɓalli. Da ya iso shafi na ashirin da biyu, inda za a nuna yadda keke ke ƙulla ɗinki, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya duba hotuna a waya, ya kwaikwaya, ya miƙa.

Ranar Litinin edita ta kira shi ofis. Yarinya ce sa'ar 'yar autarsa, mai fara'a, amma ba ta ɓoye magana a baki. Ta ba shi kujera, ta tura masa ruwa, sannan ta zaro shafin.

"Baba, kar ka ji haushi. Na gwada shafin nan a kan yara bakwai."

"Suka ce me?"

"Uku sun ce tsutsa ce. Ɗaya ta ce igiyar shanya ce ta faɗo. Wata 'yar ƙarama kuma ta tambaye ni, wai wa ke zaune a ƙasan keken yana ɗaure zaren?"

Baba ya yi 'yar dariya, ita ma ta yi.

"Ni kaina ban iya ba ta amsa ba," in ji edita. "Na dubi zanen, na dubi yarinyar. Baba, wannan ba hannunka ba ne. Ka buɗe keken kuwa?"

Ya ɗauki kofin ruwan ya kurɓa, ya ajiye a hankali, ya gyara zaman kofin a kan teburin kamar akwai wurin da aka ware masa.

Ta gane bai buɗe ba. Ta sassauta murya. "Alhamis littafi zai tafi bugu. In sabon zane bai samu ba, sai mu cire shafin mu sa hoton keke daga waje kawai. Ba laifi ba ne, ana yi."

"Ana yi," ya ce. "Amma yarinyar nan fa? Wa zai gaya mata ba kowa a ƙasan?"

Ya naɗe takardar ya sa a jaka.

A hanyar gida ya tsaya shagon telan bakin titinsu. Keke uku ne a ciki, duk na lantarki, suna ta ruri. Tela ya ɗago kai da tef a wuya, ya ga jakar kayan aikin Baba, nan take ya shimfiɗa hannu biyu a kan kekensa.

"A'a, Baba! Labarin dutsen guga ya iso mu tuntuni."

"Kai, ɗan nema. Leƙawa kawai zan yi."

"Haka aka ce ka ce wa rediyo."

Ma'aikatan shagon suka kwashe da dariya. Tela dai ya matsa ya bar shi ya durƙusa. Baba ya sa tabarau, ya leƙa. Tela ya taka da ƙafa, keke ya yi fir, kafin ƙiftawar ido ɗinki ya yi kamu guda. Ba abin da ya gani sai walƙiya.

"Wannan ba na kallo ba ne, Baba, na neman abinci ne. Kuma cikinsa a rufe yake ruf. Irin na Mama ai shi ne makaranta. Ka zare ɗan murfin nan na ƙarƙashin allura, ka juya ƙafar keken, zagayayyen ƙarfen nan na gefe, da hannu a hankali, komai a fili." Sai ya tuna. "Allah ya jiƙan Mama. Ita ta koya min sa aljihu."

"Amin," in ji Baba, ya miƙe yana dafa gwiwa.

Ai ba wai bai san keken yana nan ba. Kullum yana wuce ƙofar ɗakin da keken yake sau goma. Abin da tela bai sani ba, edita ba ta sani ba, ko 'ya'yansa bai gaya wa ba, shi ne allurar tana cikin yadi. Ranar da matarsa ta kamu da ciwon ajali, da hantsi tana ɗinka masa aljihun farar rigarsa, wanda fensira suka huda. Ta kai rabi ta ce kanta na sara, bari ta ɗan kwanta. Ta saukar da allura cikin yadin, yadda masu ɗinki ke yi in za su tashi don kada aiki ya goce, ta ce tana zuwa. Da yamma aka kai ta asibiti. Da aka share makoki ya shiga ya lulluɓe keken da zanen gado, da rigar da komai, ya ja ƙofa.

In ya juya keken, allura za ta tashi daga inda ta ajiye ta. Shi ke nan maganar.

Talata ya wuni a teburinsa yana gwadawa da ka. Ya ɗauko igiya da ƙusa da kwali, ya huda, ya zura, ya ja. Igiya ta shiga ta fito, ba ta kama komai ba. Ya zana, ya yage. Ya dafa shayi ya zuba kofi biyu bisa sabo, ya tsaya yana kallon na biyun, sannan ya mayar da shi buta. Gidan shiru, sai agogon bango, wanda shi ma ya taɓa shan kwancewa, shi ya sa yake gaba da minti huɗu.

Da la'asar Auta ta bugo waya daga garin da take aiki.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Ke 'yar sanda ce?"

Ta yi dariya. Ya ji ƙarar motoci a bayanta, da muryar wani yana kiranta. Ya buɗe baki zai ce mata, kin san keken Mamanku, sai ta riga shi.

"Baba, motarmu ta zo, zan kira ka Lahadi. Ka sha maganinka."

"To, Allah ya tsare."

Ta katse, ya ajiye wayar.

Laraba da safe ya wanke fuska, ya ɗauki fensir da takarda da ɗan gwangwanin man keke. Sukudireban ya ɗauka ya juya shi a hannu, sai ya mayar cikin jaka. Ya tura ƙofar ɗakin. Ya buɗe taga, rana ta faɗo kan tabarma da kujerarta mai matashin da ya lotsa. Ya yaye zanen gadon.

Komai na nan. Farar rigar a kwance, hannu ɗaya na lilo. Almakashinta a buɗe kaɗan. Ɗinkin aljihu ya sauko ta gefe ɗaya a miƙe sambal, ya karya kwana, ya tsaya a tsakiyar gindin aljihun, allura tsaye a ciki.

Ya zauna a kujerar. Ta yi masa ƙasa.

"Ban zo da sukudireba ba," ya ce da ƙarfi, kamar tana kicin. "Ki shaida."

Ya ɗiga mai a 'yan ramukan da ya sha ganin tana ɗigawa. Ya naɗe gefen rigar sama, ya zare ɗan murfin ƙarfen da tela ya faɗa. Ya sunkuya. Can ciki ga ɗan kwarkwaro a gidansa, naɗe da zare.

Zaren ja ne.

Ya ɗago ya dubi saman keken: fari. Ya sake leƙawa: ja wur. Ya ɗaga bakin aljihun ya duba bayan ɗinkin. Ta waje fari tas, ta ciki layin ja ne tun daga sama har inda ta tsaya.

Sai ya kama gefen rigar da ke jikinsa, shuɗiya, ya juya. Kore. Ya juya bakin wandonsa. Ruwan ɗorawa. Ya tashi ya je ɗakinsa ya buɗe akwati, ya dinga juya riguna ɗaya bayan ɗaya a kan gado, ja, kore, ruwan hoda, baƙi a cikin fari, fari a cikin baƙi. Ashe ita ba ta canza zaren ƙasa sai ya ƙare. Na sama take dacewa da yadi, na ƙasa kuwa duk wanda ya rage daga aikin jiya, da shi za a tafi. Har ya ji muryarta: wa zai leƙa ciki? Shekara talatin yana leƙa cikin kayan duniya, yana yawo da wannan a jikinsa.

Ya zauna bakin gadon a tsakiyar rigunan, ya cire tabarau.

Da ya koma gun keken, bai tsaya dogon tunani ba. Ya ɗora tafin hannu a kan ƙafar keken, ya juya.

Allura ta tashi.

Ba abin da ya faru. Tsuntsu na kuka a waje, wata mota ta wuce. Ya ci gaba da juyawa sannu sannu, kansa a sunkuye. Allura ta sauka da farin zare, ta huda yadi. Da ta fara komawa sama sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a ƙasa, kamar kunnen kofi. Wani ɗan ƙugiya ya zagayo ya cafke kunnen, ya buɗa shi, ya zagaya da shi bayan kwarkwaron. Farin ya rungumo jan, aka ja su sama tare, suka ƙulle a tsakiyar yadi.

"Af!" ya ce. "Ashe ku biyu ne."

A waya ma an nuna su biyu, amma duk baƙin layi ne, shi kuma ya kwafa bai gani ba. Yanzu ga fari ga ja, ko makaho ya laluba ya gane. Ya juya, ya tsaya, ya zana. Ya juya, ya tsaya, ya zana. Hoto huɗu: allura ta sauka, kunne ya fito, ƙugiya ta kama, ƙulli ya ɗaure. Kowane juyi ɗinki ɗaya ne, kuma kafin ya gamsu da zanen ya kai ƙarshen gindin aljihun. Sai ya karya kwana yadda ya iya, ya haura ɗaya gefen. Nasa ɗinkin ya tafi a karkace kamar sawun mai maye. Ana ganin daidai inda nata ya ƙare.

Ya ɗauki almakashinta ya yanke zaren biyu.

Da ya gama shafa launi, hannunsa da kansa ya rufe wurin rubutun, ya ɗaga takardar wajen ƙofa. Ya riƙe ta a sama kamar ƙirga biyar. Sannan ya sauke.

Alhamis da sassafe ya isa ofis sanye da farar rigar, fensir uku a aljihu. Edita ta karɓi takardar ta bi hoto huɗun da yatsa, bakinta na motsi. Ta koma farko ta sake bi.

"Ba kowa a ƙasan," ta ce. "Zare ne na biyu! Baba, wallahi sai yau na sani, kuma a gaban keke na girma." Ta ɗago. "Amma me ya sa ja? In ɗan shuɗi ne zai fi shiga da bangon littafin."

"A bar shi ja."

"Akwai dalili?"

"Shi na tarar a ciki."

Ta dube shi, ta dubi aljihun da rabinsa ya miƙe rabinsa ya karkace. Ta ɗauki biro ta rubuta a gefen shafin: kada a canza launi.

"Ki nuna wa 'yar ƙaramar nan," in ji shi yana miƙewa. "Ki rufe rubutun da hannu tukuna. In ta ce hanjin kaza take gani, ki kira ni."

Ya dawo gida da azahar. Ɗakin na nan a buɗe yadda ya bar shi, keken ba lulluɓi, allura a sama, ba komai a ƙarƙashinta. Ya tsaya a bakin ƙofa. Sai ya shiga ya jawo kwandon ƙyallayenta, ya zaɓi wani ɗan guntu, ya shimfiɗa a kan keken, ya juya da hannu har allura ta sauka a ciki. Ya bar tagar a buɗe, ya tafi ɗora ruwan shayi.