Janaretan Lois Ya Je Kasuwa

Lois da mijinta Ernest suka sauke janareta daga Keke Napep a ƙofar shagon Malam Rufa'i, mai sayar da kwamfutoci a bakin Kasuwar Gombe. Ernest sai haki yake yi, farar rigarsa duk baƙin mai.

"Madam, ba ma gyaran janareta a nan," in ji Rufa'i.

"Ba gyara ya kawo shi ba. Shi zai zaɓa mana kwamfuta," in ji Lois.

Shagon buga takardu gare ta a unguwar Madaki. Tun da mutane suka fara kwararowa daga Borno da Adamawa aiki ya yi mata yawa: wannan takardar neman aiki, wancan ta rantsuwar cewa satifiket ɗinsa ya ƙone. Tsohuwar kwamfutarta mai ƙaton ƙeya kuwa sai ta yi dogon tunani kafin ta buɗe shafi ɗaya. Wuta ba ta zuwa sai ta ga dama. Duk jarkar fetur da Lois ta sayo, sai ta yi wa sojoji bayani a shinge biyu cewa ba bam take haɗawa ba.

Tuni Ernest ya dafa wata baƙar ƙatuwar kwamfuta mai fanka uku da shuɗiyar fitila.

"Maman Janet, dubi wannan! Kowa ya shigo ya san ya zo wuri."

"Ai wannan jirgi ce, Oga," Rufa'i ya ce. "Kafin ka danna ta gama."

Lois ta juya wajen janareta. Ta ja igiya, janareta ya tashi, aka jona ƙatuwar da allonta da injin bugawa. Fankoki suka ɗauka. Janareta ya yi tari kamar tsoho mai asma, ya girgiza, ya mutu.

"Fulogi ne," in ji Ernest.

"Fulogin jiya ka canja shi."

Idonta ya faɗa kan wata laftof a teburin Rufa'i, gefenta a fashe, an liƙe da salatif. Ta sa aka jona ta. Janareta ko murya bai sauya ba. Ta kashe shi da gangan, laftof ta ci gaba da harkarta.

"Awa nawa take yi haka?"

"Huɗu. Amma ba ta sayarwa ba ce, Madam. Tawa ce."

"Sai ka liƙa mana mai shan mai, kai kana lallaɓa wannan?"

Rufa'i ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya shafa salatif ɗin da yatsa.

"Ita kaɗai na fito da ita daga Mubi. Irin waccan babbar, goma sha huɗu na bari a shago. Wa zai yi gudu da su a ka?"

Ernest ya ɗauke hannunsa daga kan ƙatuwar, ya sa a aljihu.

"Nemo mini irinta," Lois ta ce. "Da jaka. Ta goyawa."